Asemblin Bazazzagi Ya Ƙi Fita Ganuwa

Bawana Bazazzagi, ina gaisuwa irin wadda ubangida ke yi wa yaronsa in ya ga ya rame. Labari ya riga saƙonka isowa Kano. An ce ka zauna ka rubuta wani ɗan aiki da harshen asembli, ka raɗa masa suna `kara_haske`, wai yana ƙara wa hoto haske kafin a ƙifta ido, kuma tun daga Samaru har Tudun Wada babu mai shayin da bai sha bayaninsa ba. An ce har ka rantse, tunda da harshen inji kai tsaye ka yi magana, babu kwamfutar da za ta ce ba ta ji ba. To ga shi a kan Linux ɗinka yana ta gudu, an kai shi Mac ya ƙi ginuwa, an kai shi Windows ya ginu da ƙyar, sannan ya kashe manhajar da ta kira shi. Kakarku Amina, in ji masu ba da tarihi, duk inda ta yada zango sai ta bar ganuwa. Jikanta kuwa ya haifi abin da ko Ƙofar Doka ba ya iya fita.

Saboda masu karanta wannan shafi da ba su san abin da ya hana ka barci ba, bari in yi musu bayani a gurguje. Asembli rubutu ne da kowane layinsa umarni guda ne ga furosesa: ɗauko wannan, tara da wancan, koma can. Wata manhaja da ake kira asembla ita ke mayar da rubutun lambobin da inji ke ci, sannan wata, linka, ta haɗa shi da sauran sassan shirin. Ana wahalar rubuta asembli ne saboda sauri, musamman a aikin bidiyo da hoto da ɓoye sirri.

Rantsuwarka ba ƙarya ce gaba ɗaya ba, kuma a wurin Bazazzagi wannan ci gaba ne. Furosesar da ke cikin kwamfutarka da ta mai Windows da ta tsohuwar Mac mai Intel duk zuri'a ɗaya ce, x86-64, wadda AMD ta fito da ita a 2003. Umarnin tara lamba biyu bayit ɗinsa iri ɗaya ne a duka ukun. Sai dai furosesa ba ita ke yanke yadda za a rubuta umarnin ba, ba ita ke cewa ga irin fayil ɗin da za a zuba shi ba, ba ruwanta da sunan da linka za ta nema, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa a wace rajista, wato 'yar ma'ajiyar cikin furosesa, za a miƙa wa aikinka kaya ba. Waɗannan duk yarjejeniyar mutane ce, kuma mutanen ba su taɓa zama ɗaki ɗaya sun shirya ba. Kai ka haddace yarjejeniya guda, ka ɗauka dokar Allah ce.

Mu fara da rubutun kansa. Kai da salon AT&T ka rubuta, wanda asemblar GNU ta gada daga Unix. In kana son zuba 5 a rajistar eax sai ka ce `movl $5, %eax`: abin da za a ɗauko a gaba, inda za a zuba a baya, ga alamar dala ga alamar kaso. Mai salon Intel kuwa `mov eax, 5` zai rubuta, inda za a zuba ne a gaba. Saboda haka `mov rax, rbx` a wurinsa kwafe rbx ne zuwa rax, kai kuma `movq %rax, %rbx` a wurinka kwafe rax ne zuwa rbx. Na san wannan zai ba ka wahala ta musamman. Mutanen da har yau “mace ya zo” suke cewa, ina za su raba mai bayarwa da mai karɓa?

Kada ka ce to ka koma salon Intel ka huta. MASM ta Microsoft, wadda ke nan tun 1981, da NASM, wadda Simon Tatham da Julian Hall suka fara a 1996, duka salon Intel suke bi, amma rubuta `mov eax, jimla` ka ba kowacce. MASM za ta ɗauko maka abin da ke ajiye a jimla. NASM za ta ba ka adireshin jimla, sai ka kewaye sunan da baka mai kusurwa kafin ta leƙa ciki. Layi ɗaya, ma'ana biyu, kuma babu wadda za ta yi maka ko tari. Da na ji kana shawarar ka tsoma asemblin a tsakiyar kod ɗin C don ka guje wa duk wannan, sai da na ajiye kofin shayi don dariya: kwamfailar Microsoft, wato manhajarsu mai mayar da C harshen inji, ba ta karɓar asembli a cikin C a tsarin bit 64 ko kaɗan.

Yanzu ga abin da ya faru a Mac mai Intel. Linux tana zuba abin da aka gina a tsarin fayil mai suna ELF, Mac tana amfani da Mach-O, Windows kuma PE da COFF. Layukan nan biyu da ka kwafo ba tare da ka tambayi amfaninsu ba, `.type` da `.size`, bayani ne ga ELF. Asemblar Mac ta ce ba ta san su ba. Ka goge su, fayil ya wuce, ka yi hamdala, sai linka ta ce ta nemi `_kara_haske` ta rasa. Ka zuba wa allo ido ka ce ai ga shi nan, da hannunka ka rubuta. Ba ka lura da ɗan layin da ke kwance a gaban sunan ba. A Mac duk sunan da ya fito daga C sai an manna masa wannan layi a gaba. A Linux ba a sawa. A Windows mai bit 32 ana sawa, wani lokaci har a ƙara wutsiya irin `@12` don nuna yawan bayit ɗin kayan da aka miƙa, a mai bit 64 kuma an daina. Kwamfailolin GCC da Clang suna da makro mai suna `__USER_LABEL_PREFIX__` da ke faɗa maka abin da ake mannawa a inda kake, amma tambaya ba ɗabi'arku ba ce.

Akwai wanda ya fi wannan iya shege. Ka rubuta `.align 8` kana nufin a daidaita wani tebur da ke cikin aikinka a kan bayit 8, kuma a Linux ta x86 haka ake fahimta. A Mac, da ma asemblar furosesar ARM, 2 ake ninkawa sau 8, a ba ka 256. Nan asarar wuri kawai ka yi. Wanda ya taso daga Mac zuwa Linux shi ne abin tausayi: ya rubuta `.align 4` yana nufin 16, aka ba shi 4, ranar da teburin ya faɗa wurin da bai daidaitu ba umarnin `movaps` ya kifar da shirin. Maganin kuwa yana nan a banza: `.balign` kullum bayit take ƙirgawa, `.p2align` kullum ninki.

Ka ce za ka sa `#ifdef` ka raba wa kowa nasa. Dabara ce mai kyau, na yi mamakin ka da ita. Amma sunan fayil ɗinka da ƙaramin `.s` ya ƙare, GCC kuwa sai ta ga babban `.S` take bi da fayil ta wurin mai share fagen C. Da ƙaramin harafi, a x86, duk layin da ya fara da `#` sharhi ne kawai a wurin asembla, sai ta tsallake sharaɗin ta haɗiye ɓangarorin biyu gaba ɗaya. Windows da Mac kuma, yadda suka zo daga kamfani, ba sa raba babban harafi da ƙarami a sunan fayil, don haka kada ka kuskura ka ajiye `haske.s` da `haske.S` wuri ɗaya.

Ko Linux ɗin da kake tinƙaho da ita ba ta zauna inda ka bar ta ba. Tun 2016 da 2017 Ubuntu da Debian suka koma gina shirye-shirye ta yadda za a iya loda su a kowane adireshi na memori, don a wahalar da masu kutse. Kai kuma ka rubuta `movl $tebur, %esi`, wato ka kafe adireshi a bit 32. Shi ya sa a kwamfutar ƙaninka linka ta yi maka dogon turanci mai `R_X86_64_32` a ciki, ta ce a sake gini da `-fPIE`. Abin da take so shi ne `leaq tebur(%rip), %rsi`, a auna nisan teburin daga inda umarnin yake tsaye. Wannan salon yana aiki a Linux da Mac da Windows, Mac mai bit 64 ma ba ta taɓa yarda da naka ba. Sannan tun binutils 2.39 ta 2022, linkar GNU tana gargaɗi in fayil ɗin asembli ba shi da sashen `.note.GNU-stack`, domin rashinsa na iya sa a bar sitak ɗin shirin, wato ma'ajiyarsa ta wucin gadi, gaba ɗaya a buɗe ga gudanar da kod. Layi guda da ka yi ƙyuyar rubutawa ya cire wa manhajar mutane sakata.

Yawancin waɗannan masu sauƙi ne, domin suna ihu. Asembla ta ƙi, linka ta ƙi, ka gyara. Wanda ya kamata ya hana ka barci shi ne na Windows, inda aka ce maka ya ginu.

Aikinka kaya uku yake karɓa: adireshin hoto, yawan ɗigon da ke cikinsa, da yawan hasken da za a ƙara. A Linux da Mac, bisa ƙa'idar System V, na farko yana zuwa a rdi, na biyu a rsi, na uku a rdx, in da ƙari a bi da rcx, r8, r9. A Windows na farko yana rcx, na biyu rdx, na uku r8, na huɗu r9, saura a sitak. Mai kira ya ajiye maka adireshin hoto a rcx, kai ka miƙa hannu rdi, ka ɗauko duk tarkacen da wani ya bari a can, ka ce wannan ne hoton, ka fara rubutu a kai. Windows ta yi maka adalci da ta kashe shirin nan take.

Sai ka yi wayo irin naku. Ka sa layi uku a farko: kwafe rcx zuwa rdi, rdx zuwa rsi, r8 zuwa rdx. Hoto ya yi haske, ka aiko min da saƙo cike da alamar wuta. Washegari aka ce maka shirin yana gama hoton farko sai ya rikice a na biyu, lissafin da ba ruwansa da aikinka yana fitar da shirme. Abin kamar aron tukunya ne ranar suna. A wani gida in ka ara an sallama maka, ko ka dawo da ita da ƙanzo babu mai magana. A wani gidan kuwa uwargida ta san yadda ta ba ka, kuma ba za ta duba ba za ta ɗora miya. A Linux, rdi da rsi da duk rajistocin xmm an sallama wa wanda aka kira, ya ɓata su yadda ya ga dama. A Windows, rdi da rsi da xmm6 har zuwa xmm15 amana ce, yadda ka same su haka za ka mayar. Kai ka zuba adireshinka a rdi, ka cika xmm6 da xmm7 da haskenka, ka yi tafiyarka. Kwamfaila ta ajiye kayanta a can tun kafin ta kira ka, ta dawo ta ci gaba da lissafi da ƙanzonka. Ɓarnar ba ta fitowa a cikin aikinka, can gaba take fitowa a kod ɗin bawan Allahn da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ba a nan ta tsaya ba. A System V, aikin da ba ya kiran kowa yana da bayit 128 a ƙasan sitak da zai yi amfani da su ba tare da ya nemi izini ba. A Windows babu wannan rangwame, abin da ka ajiye a can ana iya taka shi a kowane lokaci, kuma irin wannan matsala ba ta zuwa sai ranar da kake nuna wa baƙi. In kuma aikinka zai kira wani a Windows, wajibi ne ka ware masa bayit 32 a sitak ko da kaya ɗaya za ka miƙa. Sannan ka ce yawan ɗigo `long` ne. A Linux da Mac `long` bit 64 ne, a Windows 32. Rabin rajistar na sama babu wanda ya yi maka alkawarin share shi, kai kuma ka karanta ta duka. Wata rana za a ce maka hoton fasfo yana da ɗigo biliyan huɗu da ɗoriya, kuma na san ka, za ka fara ƙirgawa.

Na ga kuma wurin da ka so buga saƙo a allo ka tsallake laburaren C, ka kira kanel, zuciyar babbar manhaja, da kanka, wai kai ba ka son ɗan tsakiya. Ka sa 1 a rax domin a Linux ta x86-64 lambar rubutu ke nan, fita kuma 60. A Mac mai Intel rubutu 0x2000004 ne. A FreeBSD 4 ne. A Linux ɗin ARM mai bit 64 kuma 64 ne. Windows ba ta ma yi wa kowa alkawarin lambobinta ba, suna sauyawa daga fitowa zuwa fitowa, dole ka bi ta laburarenta. Masu harshen Go, waɗanda suka fi ka gemu, sun yi irin taurin kanka a Mac har macOS Sierra ta 2016 ta sauya yadda ake tambayar kanel lokaci, shirye-shiryensu suka rikice, daga baya suka sunkuyar da kai suka koma bin laburaren Apple. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Tambayarka ta ƙarshe ita ta fi ba ni tausayi: me ya sa a sabuwar Mac ko layin farko bai wuce ba? Domin tun ƙarshen 2020, da fitowar M1, Apple ta fara barin Intel ta koma ARM. Wayoyin da suka cika kasuwar Farm Centre ma ARM ne. A ARM babu rax babu rdi, sai x0 zuwa x30, sabon rubutu za ka yi daga tushe. Kuma kada ka ɗauka rigimar ta ƙare. Don ɗauko adireshi, asemblar Linux `:lo12:tebur` take so, ta Apple kuma `tebur@PAGEOFF`. Rajistar x18 Apple da Windows sun keɓe ta wa kansu, taɓa ta neman magana ne.

To ya manya suke yi? Ai bidiyon da kake kallo a VLC da asembli ake warware shi, kuma kod ɗaya ne ke ginuwa a Linux da Mac da Windows. Sirrinsu shi ne ba sa cakuɗa lissafi da ladabin wuri. Masu x264 sun tara duk bambance-bambancen nan a fayil guda, `x86inc.asm`, wanda FFmpeg da dav1d su ma suke amfani da shi a kan NASM. Da shi, kan aikinka zai zama `cglobal kara_haske, 3, 5, 8`: kaya uku nake karɓa, rajista biyar nake buƙata, da xmm takwas. Daga nan r0 da r1 da r2 kawai za ka riƙa kira. Makro ɗin ne zai san r0 rdi ce a Linux, rcx ce a Windows, shi zai adana xmm6 da xmm7 inda ake adanawa ya mayar da su in za a fita, shi zai gyara sunan yadda linka ke so. OpenSSL wata hanyar ta bi: da Perl suke rubuta asemblinsu, shirin ya fitar wa ELF nata, ya fitar wa Mac nata, ya fitar wa MASM da NASM nasu. GMP kuma da m4 take yin irin wannan.

Kuma ba sa yarda da kansu, wanda shi ne babban bambancinsu da kai. Kowane aikin asembli yana da ɗan'uwansa da aka rubuta da C zalla, wanda za a koma wa in an je inda asemblin bai kai ba. Suna da abin gwaji mai suna checkasm: ya ba na C da na asembli kaya iri ɗaya ya gwada amsarsu, ya cika rajistocin amana da sanannun lambobi kafin kira, bayan an dawo ya duba ko an taɓa su. Da ka bi ta wannan, da tun daren farko an kama ka da xmm6 a hannu.

Ga umarnin ubangida, sai ka rubuta. Fara rubuta `kara_haske` da C, ka auna saurinsa, domin kwamfailar zamanin nan ta iya wannan ɗan lissafin, mai yiwuwa ma ta riga ka isa. In bai isa ba, gwada ayyukan nan na cikin kwamfaila irin `_mm_adds_epu8`, waɗanda GCC da Clang da ta Microsoft duk suka sani, su kuma za su ji da rajista da suna da sitak. In har sai asemblin, zaɓi asembla ɗaya da ke fitar da `elf64` da `macho64` da `win64`, ka tara duk abin da ya shafi babbar manhaja a fayil guda, ka daina kiran kanel da kanka, ka daina cewa `long` in kana nufin bit 64. Sannan duk gyaran da ka yi, a gina a gwada a kan ukun kafin ka je wurin mai shayi. “Yana aiki a kwamfutata” shaida ce a kan kwamfutarka kaɗai.

Na san abin da za ka ce, wai Bakano ba ya ko atishawa kyauta. Gaskiya ne, shi ya sa muke da Kwari da Kurmi, ku kuna da rimi. Kuɗin sharar bara ma ba ka kawo ba, ga na bana ya hau, ga ladan wannan karatu. In watan Cika-ciki ya kama ka haɗo su duka ka taho da kanka, ka riƙo kwamfutar. Ka shigo ta Na'ibawa, ka tambayi kowane yaro gidan iyayen gidan Zage-zagi, za a nuna maka.